Koyar da Lokaci Mai Ci na Turanci: A Fara da Baki Kafin Allo

A cikin dukkan darussan nahawun Turanci da ake ɗora wa yara a nazare da ajujuwan farko na firamare, babu wanda ya kamata ya zo wa ɗan Bahaushe da sauƙi kamar darasin lokaci mai ci, wato irin jimlar da mutum ke faɗin abin da ake cikin yi a daidai lokacin da yake magana, kamar "I am eating" ko "She is sweeping". Duk da haka, wanda ya buɗe littattafan rubutun yara a makarantun Zariya, na gwamnati da na kuɗi, daga cikin birni har zuwa Samaru, zai tarar da shafin wannan darasi ya sha jan biro. A ganina matsalar tana cikin tsarin da muke bi, domin muna fara wa yaro da ma'ana da ƙa'ida a kan allo tun bakinsa bai saba da jimlar ba, sa'an nan mu hana shi jingina da Hausa, alhali ita ce ta riga ta koya masa rabin darasin tun kafin ya sa ƙafa a makaranta.

Yaro ɗan shekara uku a Tudun Wada ko Gyallesu yana cewa "ina wasa", "Umma tana shara", "su Yaya suna gudu", kuma ba za ka taɓa jin ya haɗa "Umma" da "suna" ko ya ce "mu yana" ba. Wannan jeri na ina, kana, kina, yana, tana, muna, kuna, suna, shi ne abin da malaman Hausa ke kira lokaci mai ci, kuma gininsa ya yi kama da na Turanci fiye da yadda yawancin malaman Turanci suka lura. A Turanci ana kawo mai aikin, a biyo shi da "am" ko "is" ko "are", sa'an nan aikatau da aka liƙa wa "ing" a ƙarshe. A Hausa ma aikatau yakan canza kama idan ya shigo wannan lokaci, domin muna cewa "ya fito" amma "yana fitowa", muna cewa "ta karanta" amma "tana karantawa". Yaron da kunnensa ya saba da wannan "wa" da ke ɗafe a ƙeyar aikatau ba zai ga "ing" a matsayin baƙon abu ba, muddin an samu wanda ya nuna masa dangantakar sau ɗaya. Bayan wannan, Hausa tana bambanta "yana" da "tana", don haka zaɓi tsakanin "he" da "she" ba ya ba yaranmu wahalar da yake ba yaran da suka tashi da Yarbanci ko Ibo, harsunan da wakilin suna guda ke ɗaukar namiji da mace. Hatta sautin da ke ƙarshen "ing" yana bakin Bahaushe, domin shi ne sautin hancin da muke rufe "nan" da "can" da shi.

Masu binciken yadda yara ke koyon harshe sun daɗe da gano cewa wannan siffa tana cikin na farkon shiga bakin yaro. A 1973 Roger Brown na Jami'ar Harvard a Amurka ya fitar da sakamakon bin diddigin maganar wasu ƙananan yara masu tasowa da Turanci, inda ya jera ƙananan sassan nahawu goma sha huɗu bisa tsarin da suke kama su. "Ing" ne ya zo na farko, amma "am" da "is" da "are" masu rakiyarsa suna can kusa da ƙarshen jerin. Shekara guda bayan haka Heidi Dulay da Marina Burt suka duba yara masu jin Sifaniyanci da Sinanci da ke koyon Turanci a matsayin harshe na biyu, su ma suka ga "ing" yana riga waɗannan kalmomin zama daram. Ma'anar wannan ga malamar aji ɗaya ita ce, idan yaro ya ce "Musa running", ya hau matakin da ɗan Bature ma yake hawa kafin ya kai ga cikakkiyar jimla. Abin da yake bukata shi ne ta amsa masa da cewa "Yes, Musa is running" cikin sakin fuska, ya ji daidai ɗin ya wuce. Zana masa sifiri ko daka masa tsawa ba zai gaggauta zuwan "is" ba, sai dai ya koya masa cewa shiru ya fi magana aminci.

Na zauna a bayan wani aji ɗaya na wata makarantar kuɗi a Sabon Gari ranar da ake wannan darasi. Malamar, wadda yaran ke kira Anti, mai ƙwazo ce kuma ba ta da zafin hannu. Ta cika rabin allo da bayanin ma'anar lokaci mai ci da Turanci, ta ja layi a ƙarƙashi, ta rubuta ƙa'idar haɗa jimlar da alamar tarawa tsakanin sassanta kamar lissafi. Tana nuni da sanda, yaran suna rerawa da murya ɗaya har tagogi na amsawa, kuma kafin a kaɗa ƙararrawa babu wanda bai haddace ba. Da aka fita tara, sai ta koma goge allo, ni kuwa na tambayi wata yarinya da ta tsaya cin biskit a kujerarta, da Turanci, abin da Anti take yi. Ta dube ni, ta dubi Anti, ta sunkuyar da kai. Na ce, "'Yata, me Anti take yi?" Nan take ta ce, "Tana goge allo, Baba." Yarinyar ta san abin da ake tambaya, ta san amsar, ta kuma haddace ƙa'idar da za ta haɗa amsar da ita, amma babu wanda ya taɓa sa ta faɗi jimla guda game da abin da idonta ke gani. Da yamma za ta tafi gida da jingar cike gurbi, wadda a gidaje da yawa yayanta ko malamin lesin ne zai cike mata, gobe a ba ta maki goma bisa goma.

Ba ina raina hadda ba ne. Mutumin Zazzau ba zai raina hadda ba, tunda da ita muka riƙe Alƙur'ani da littattafan addini, kuma nassin da ake son a kiyaye shi harafi da harafi ba shi da wata hanya sai ita. Amma harshen da ake son a yi ciniki da shi, a tambayi hanya, a amsa tambayar likita, jimlolinsa ba su da iyaka, kuma kowace rana mai magana yana ƙera waɗanda bai taɓa ji ba. Ya kamata ma mu tuna yadda malaman zaure a cikin birni suke karantar da Larabci: almajiri ya ja baƙi, malam ya fassara masa da Hausa gaɓa gaɓa, har nahawu da sarfu ma da Hausa ake warware su. Ba a taɓa jin malamin zaure ya ci almajiri tara don ya yi tambaya da Hausa ba. Gaskiya ne cewa wannan hanya ta fi fitar da masu karanta Larabci a kan masu hira da shi, kuma wannan ma darasi ne a gare mu, domin yana nuna cewa bayani da harshen gida yana buɗe fahimta, amma sakin harshe sai an yi ta magana.

Hanyar da nake goyon baya ba sabuwa ba ce, kuma ba ta bukatar kwamfuta ko wutar lantarki. Tun a shekarun 1960 James Asher, wani malamin jami'a a Amurka, ya tsara koyar da harshe ta hanyar haɗa magana da motsin jiki, kuma babu darasin da ya dace da ita kamar lokaci mai ci, tunda shi dama magana ce a kan abin da ke faruwa a gaban ido. Malama ta kira yaro gaban aji, ta raɗa masa a kunne ya ɗauki tsintsiya ya fara shara. Yana cikin sharar ta nuna shi ta ce "He is sweeping", aji ya maimaita. Ta kira yarinya ta ba ta kofi, a ce "She is drinking". Ta haɗa biyu su yi tsalle, a ce "They are jumping". Sharaɗin da ba a sassautawa shi ne kada a faɗi jimlar sai aikin yana gudana, idan yaro ya ajiye tsintsiya jimlar ta daina zama gaskiya, kuma yaran da kansu za su fara kama malama idan ta yi kamar ta manta. A wannan kamun ne ma'anar lokacin take shiga, ba tare da an rubuta ta a allo ba. Bayan kwana biyu sai a juya, wanda ke sharar ya faɗa da bakinsa "I am sweeping", ɗan'uwansa ya tambaye shi abin da yake yi, malama kuma ta riƙa jefa ƙarya da gangan, ta nuna mai shara ta ce yana barci, don aji ya yi mata ca da "No, he is not sleeping". Ta haka tambaya da korewa suke shigowa cikin wasa, maimakon su zama wasu sababbin darussa biyu masu nasu ƙa'idojin.

Aikatau goma sun isa makonnin farko, kuma su kasance na rayuwar yaron: ci, sha, gudu, zama, shara, wanka, karatu, rubutu, dariya, kuka. Idan sun zauna, taga ta isa littafi, domin a waje akwai mai Keke yana sauke fasinja, akwai mai rake yana fere, akwai awaki suna cin ɓawo. Littattafan da ake sayarwa a kasuwa da hotunan yara suna wasa da dusar ƙanƙara ko suna hawan jirgin ruwa na shaƙatawa suna ɗora wa yaro nauyi biyu, ya gane abin da ke hoton, sa'an nan ya gane jimlar. Rubutu kuwa ya biyo baya. Ƙa'idojin nan na ninka harafin ƙarshe a "running" da jefar da "e" a "writing" ba su da wani amfani ga wanda bai iya faɗin kalmar ba, kuma ba abin da za a rasa idan aka jinkirta su zuwa aji uku.

Inda na fi son a tsaya a yi tunani shi ne wuraren da Hausa da Turanci suka raba hanya, domin a nan ne kurakuran da ke bin mutum har jami'a suke samo asali, kuma a nan ne hana Hausa a aji ya fi yin ɓarna. Lokaci mai ci na Hausa ya fi na Turanci faɗi. Muna cewa "yana zuwa makaranta kullum" don abin da aka saba yi, alhali Turanci yana komawa ga "He goes" a irin wannan wuri, shi ya sa yaro zai rubuta "He is going to school every day" yana ganin ya yi daidai. Malamar da ke da izinin taɓa Hausa tana da magani a hannu, domin muna da lokaci na sabo, wato nakan, yakan, takan, kuma minti ɗaya ya ishe ta ta ce wa aji duk inda za a iya sa "yakan" to ba wurin "ing" ba ne. Haka kuma muna cewa "ina da biro", "ina son lemo", "ina jin Hausa", duka da "ina", alhali Turanci ba ya yarda mallaka da so da fahimta su ɗauki "ing" a irin wannan ma'ana. Daga nan ne "I am having a biro" da "I am hearing Hausa" suke fitowa, kuma ba yara kaɗai ke faɗinsu ba, ana jin su a ofisoshi. Na uku, "ina" na Hausa ba ya ɗaure da yanzu, tunda muna cewa "jiya da ka zo ina cin abinci" ba tare da mun canza komai ba, Turanci kuwa dole ya mayar da "am" zuwa "was". Na huɗu, Hausa ba ta da takwaran "it", kowane abu ko namiji ne ko mace, don haka mota takan zama "she", jirgi ya zama "he". A nan Bazazzagi yana da ɗan rangwame, tunda dama Kanawa suna tsokanarmu da cewa ba mu cika damuwa da ko mota "ce" ko mota "ne" ba.

Waɗannan kurakurai ba na ganganci ba ne, kowannensu yana da dalili, kuma yaron da ya yi su yana bin wata ƙa'ida ce mai kyau a harshen da ya fi sani. Malamar da ba ta san dalilin ba, ko ta sani amma dokar makaranta ta ɗaure mata baki, za ta yi ta jan layi a ƙarƙashin jimla ɗaya daga zangon farko har na uku. Ba ina cewa a zauna a yi wa ɗan shekara shida lacca a kan kwatanta nahawun harsuna biyu ba. Abin da nake cewa shi ne ita malamar ta san taswirar, ta san inda yaran za su yi tuntuɓe tun kafin su isa wurin, ta kuma ware aikatau irin su "have" da "want" da "know" daga darasin gaba ɗaya har sai an zo kansu da nasu misalan.

Na san abin da iyaye da masu makarantun kuɗi za su ce, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Uba ya biya kuɗin zango da kyar don yana son ɗansa ya ji Turanci, domin ya san ba a shiga Jami'ar Ahmadu Bello ko wata jami'a ba tare da kiredit a Turanci ba, kuma ya ga yadda yara ke gama firamaren gwamnati ba su iya haɗa jimla ɗaya ba, saboda an yi musu shekara shida ana koyar da Turanci da Hausa zalla. Wannan tsoro gaskiya ne. Idan malama ta shafe minti arba'in tana bayanin Turanci da Hausa, yaro bai ji Turanci ba ke nan a ranar, tunda a gida da unguwa ba zai ji ba. Akwai kuma ajujuwa a Sabon Gari da Samaru inda ba kowane yaro ne Hausa take harshensa na farko ba, ko da yake da wuya ka sami wanda ya tashi a Zariya ba ya jin ta. Amsata ita ce a auna: Hausa ta ɗauki minti biyu ko uku na buɗe ma'ana da warware ruɗani, sauran lokacin duka Turanci ne a bakin yara, ba a bakin malama kaɗai ba. Abin da ba zan yarda da shi ba shi ne a ba monita takarda yana rubuta sunayen masu yin Hausa don a ci su tara ko a yi musu bulala, domin sakamakon da na fi gani a irin waɗannan ajujuwa shi ne yara su daina magana da kowane harshe har a tashi.

Gwamnati ma ba ta tsaya wuri ɗaya a kan wannan batu ba. Manufar ilimi ta ƙasa, wadda aka fara fitarwa a 1977, ta tanadi a koyar da yara da harshen uwa ko na yankin da suke a shekarun farko na firamare, Turanci yana matsayin darasi, kafin daga baya ya karɓi ragamar koyarwa. A ƙarshen 2022, lokacin Adamu Adamu yana ministan ilimi, aka amince da faɗaɗa wannan zuwa dukkan shekaru shida na firamare, sai kuma a ƙarshen 2025 minista Tunji Alausa ya sanar da soke shi da komawa ga Turanci tun daga tushe. Tun a 1970 Farfesa Babatunde Fafunwa ya jagoranci gwajin shekara shida a Ife, inda aka koyar da yara dukkan darussa da Yarbanci, Turanci kuma aka ba shi ƙwararrun malamai a matsayin darasi, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Ko wace manufa ce ke aiki a bana, ba ta canza abin da ke cikin kan yaron da ya shigo aji ɗaya daga Kwarbai ba: da Hausa yake tunani, kuma ta kanta Turancin zai bi ya shiga.

Duk wannan yana komawa kan malami. A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kimanin 33,000 jarrabawa a matakin aji huɗu, aka ce 21,780 ba su kai makin da aka gindaya ba, aka sallame su. An yi ta jayayya a kan adalcin wannan mataki, kuma ba ita ce maganata a nan ba. Abin lura shi ne jarrabawa irin wannan tana auna ko malami ya san amsa, ba ta auna ko zai iya sa yaro ya buɗe baki ba, kuma malamar Sabon Garin da na ambata za ta ci ta da maki mai kyau. Zariya ba ta rasa wuraren gyara wannan ba, tunda ga Cibiyar Ilimi ta Jami'ar Ahmadu Bello, ga tsohuwar kwalejin horon malamai ta tarayya da aka kafa tun 1962, wadda yanzu ta zama jami'ar ilimi, ga Cibiyar Malamai ta Ƙasa a Kaduna kusa da mu. Abin da nake so in gani shi ne ɗalibin da ke shirin koyar da Turanci a firamare ya zauna aji guda da ɗalibin Hausa ko da na zango ɗaya ne, su jera lokutan harsunan biyu gefe da gefe, kuma idan ya fita koyarwar gwaji, mai duba shi ya ƙirga yara nawa suka yi magana a darasin, ba kyan rubutun allo da cikar littafin shirin darasi kaɗai ba.

Za a ce cunkoso ba zai bari ba, tunda manufar ilimi ta ce malami ɗaya ga yara 35 a firamare, amma a makarantun gwamnati da yawa aji ɗaya ya ninka haka. Cunkoso yana wahalar da komai, sai dai ya fi wahalar da duba littattafan jinga ɗaya bayan ɗaya fiye da wannan hanya, domin ana iya raba aji layi layi, wannan layi yana tafi, wancan yana faɗin abin da suke yi, sa'an nan a juya su bibbiyu kowa ya tambayi na kusa da shi. Hayaniya za ta yi yawa, kuma a nan ne ake bukatar hedimasta ya san cewa ajin Turancin da ya yi tsit ba lallai ne ana koyo a cikinsa ba.

Sauyin da ya fi sauƙi, wanda kowace makaranta za ta iya yi a wannan zango ba tare da jiran Abuja ko Kaduna ba, yana wurin jarrabawa, domin malami abin da za a auna yake koyarwa. A ware rabin makin Turanci na aji ɗaya da aji biyu ga magana. Yaro ya zo gaban tebur, a nuna masa ɗan ajinsu yana wani aiki, ya faɗi abin da yake yi, a tambaye shi abin da shi kansa yake yi, a kuma faɗa masa jimlar ƙarya ya gyara. Minti ɗaya ya ishi kowane yaro, wanda ya ce "Amina writing" a ba shi rabin maki, kuma a rubuta sakamakon a katin da ake kai wa iyaye a layinsa daban, ƙarƙashin makin rubutu.